Allurar gudu na aiki amma lambobin kilomita sun tsaya a Porsche 911 SC: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Porsche 911 SC ƙirar 1982. Allurar da ke nuna gudu tana aiki lafiya lau, amma lambobin da ke ƙirga kilomita sun ƙame wuri ɗaya, manya da ƙanana duka. Abin ya faru ne ranar da na sha mai, na danna maɓallin da ke mayar da ƙaramin lissafi sifili ina cikin tafiya. Bakanike ya ce kebul ne ya tsinke, mai wayarin kuma ya ce a sayo sabuwar mita gaba ɗaya. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dakata tukuna, kada ka ɗauki ta kowa a cikinsu, domin bayanin da ka yi da bakinka ya riga ya nuna inda ciwon yake. Motarka ba ta da kebul ɗin mita ma sam. Tun daga ƙirar 1976 Porsche ta daina sa wa 911 igiyar da ke juyawa daga giyabos zuwa dashbod, ta koma mitar kamfanin VDO mai aiki da lantarki, kuma duk SC da aka ƙera tsakanin 1978 da 1983 haka take. Sauya mita gaba ɗaya kuwa ɓarnar kuɗi ce, kuma rage wa motar daraja ne, tunda lambar da ke kan mitarta ta asali tana cikin tarihinta. Abin da ya fi yiwuwa, nesa ba kusa ba, shi ne wata 'yar giyar roba da ba ta kai faɗin farcen babban yatsa ba ta zubar da haƙora a cikin mitar. Amma kada a buɗe komai sai an tabbatar, domin buɗe wannan mita yana barin tabo idan aka yi shi da gaggawa.

Ga yadda abin yake aiki, don ka iya bin sawunsa da kanka. A cikin giyabos, a jikin ɓangaren da ke raba juyi zuwa tayoyin baya, akwai faifai mai ɗauke da maganaɗisu takwas. Daga waje, a jikin murfin gefe, an manna wata 'yar na'ura mai wayoyi biyu. A cikinta akwai siraran ƙarafa biyu da ke haɗuwa duk lokacin da maganaɗisu ya gifta, su rabu idan ya wuce. Ke nan juyi ɗaya na taya yana ba da bugu takwas. Tayar baya ta SC, ko 215/60 a kan rim 15 ko 225/50 a kan rim 16, kewayenta kusan mita 2 ne, wato tana juyawa wajen sau 500 a kilomita ɗaya, bugu kusan 4,000 ke nan. Waɗannan bugun ne ke bin waya guda zuwa bayan mita. A can allon lantarki yake raba aikin gida biyu: ɓangare ɗaya yana ɗaga allura gwargwadon saurin bugun, ɗayan kuma yana tara bugun yana juya wani ƙaramin moto kaɗan-kaɗan. A bakin moton akwai murɗaɗɗen sanda mai zare irin na noti, shi ke juya giyar robar nan, ita kuma ta juya wata giyar, har juyin ya kai ga ƙafafun lambobi.

To ka ga, allura da lambobi daga rijiya ɗaya suke sha. Idan allura tana tashi daidai, ba ta rawa, ba ta faɗuwa, to na'urar giyabos lafiyarta ƙalau, wayar lafiyarta ƙalau, wuta tana isowa, fiyus bai ƙone ba. Babu dalilin shiga ƙarƙashin mota. Matsalar tana cikin gwangwanin mitar, daga inda hanya ta rabu zuwa lambobi. Kuma tunda babban lissafi da ƙarami sun tsaya tare, abin da ya lalace yana kafin inda su biyun suka rabu, wato moto, ko sandan bakinsa, ko giyar farko. Da a ce ƙaramin lissafin ne kaɗai ya tsaya babban yana tafiya, sai mu ce maɓallin ne bai dawo daidai ba ya bar ƙafafun ƙaramin lissafi a sake. Da kuma babban ne kaɗai ya tsaya, musamman a daidai lokacin da lambobi da yawa za su juya tare, kamar daga 89,999 zuwa 90,000, sai a zargi ƙafafun lambobin da cijewa ko giyar da ke tura su da sulɓewa a kan sandanta.

Game da maɓallin da ka danna, kada ka ɗora wa kanka laifi da yawa. Gaskiya ne danna shi ana tafiya yana ƙara wa giyar nauyi na ɗan lokaci, kuma da yawa daga cikin waɗannan giyoyi a irin wannan lokacin suke karyewa. Amma giya mai lafiya ba ta karyewa saboda haka. Robar da aka yi ta da ita mai laushi ce tun asali, an zaɓe ta don kada mita ta riƙa ƙara. Shekara arba'in da ɗoriya na zafi, ga giris ɗin da aka shafa mata tun daga masana'anta yana cin jikinta a hankali, sai ta koma launin ruwan zuma, ta yi taushi kamar tsohon sabulun da ya kwana a ruwa. Idan ka danna ta da farce za ka ga ta lotsa. Motar da ke yini a rana gilashi a rufe, dashbod baƙi yana ɗaukar zafi, tata giyar ta fi saurin mutuwa. Ko ba ka taɓa maɓallin ba, kwananta ya riga ya kusa ƙarewa.

Kafin a ciro mitar, yi gwaji biyu da ba sa cin ko sisi. Na farko, danna maɓallin a hankali mota tana tsaye, ka ji ko yana shiga yana dawowa sumul, ka ga ko ƙaramin lissafi ya koma sifili cif, lambobin a jere. Wani lokaci maɓallin ne ke maƙalewa rabi, ya riƙe komai. Na biyu, samu hanya mai shiru, a rufe gilasai, wani ya tuƙa a hankali kai kuma ka kara kunne kusa da mitar. Idan kana jin wani siririn ƙas-ƙas da ke ƙaruwa da gudu, moton yana da rai, yana juyawa ne a banza a inda haƙora suka zube. Rashin jin komai ba hujja ba ce cewa moton ya mutu, domin injin 911 a baya yake amma ba shi da shiru.

Ciro mitar ba wuya. Cire kan batir na nagatif tukuna, batirin yana cikin but ɗin gaba. Mitocin 911 ba noti ke riƙe su ba, zoben roba ne kawai ya matse su a cikin ramin dashbod. Kama bakin mitar da yatsu, ka riƙa murɗa ta hagu da dama kana jawowa. Idan ta ƙi, kada ka sa sukundireba a kan fatar dashbod. Ciro agogon da ke gefenta, wanda ya fi sauƙin fita, ka zura hannu ta raminsa ka turo ta daga baya. Kafin ka zare ko waya ɗaya, ɗauki hoton bayanta da wayarka, ka kuma naɗa wa kowace waya 'yar takarda da lambar inda ta fito. A motocin Jamus waya ruwan ƙasa ita ce mai komawa jikin bodi, tana zama a kan lamba 31. Wayar bugun da ke zuwa daga giyabos tana kan 31b. Sauran su ne wutar volt 12 da ƙwayayen fitila, waɗanda ake zarowa da gidajensu.

Wurin da ake ɓata aiki shi ne zoben gaba. Baƙin zoben da ke riƙe gilashi lanƙwasa bakinsa aka yi a kan gwangwanin, ba a yi shi don a riƙa buɗewa ba. Kifa mitar a kan tawul mai kauri, fuskarta ƙasa. Sa siririyar sukundireba mai faɗin baki a ƙarƙashin lanƙwasar daga baya, ka ɗaga kaɗan, ka matsa gaba kamar milimita 3, ka sake ɗagawa. Zagaye na farko kusan ba za ka ga canji ba, haka ake so. Sai a zagaye na uku ko na huɗu bakin zai miƙe har zoben ya fita. Wanda ya nemi gamawa a zagaye ɗaya zai yaga ƙarfen ko ya fasa gilashi. Idan ka ɗaura ƙullin tiyo mai noti a kewayen zoben kafin ka fara, zai hana shi buɗewa ya ɓata siffarsa ta gaba. Wannan mataki shi kaɗai yana iya cin rabin awa, kuma ya cancanci hakan. Lura da yadda gilashi da zobban da ke ƙarƙashinsa suke jere, domin haka za su koma.

Daga nan sai ka kwance sukurorin da ke bayan gwangwani, kayan cikin su zamo waje gaba ɗaya. Riƙe su ta gefe. Kada yatsa ya taɓa fuskar mitar, baƙin fentin nan yana riƙe shaidar maiƙo kuma ba ya gogewa. Kada kuma a taɓa lambobin da fetur ko tina, farin rubutun zai narke nan take.

Yanzu duba gefen da moton yake. Galibi ba sai an nuna maka ba: za ka ga giya mai launin zuma da giɓi a bakinta, ga ɓarɓashin haƙora a manne da giris ko a zube a gindin gwangwani. Idan haka ne, bincike ya ƙare. Idan kuwa giyar tana nan da haƙoranta cif, duba abu uku bi da bi. Murɗaɗɗen sandan da ke bakin moto yakan sulɓe ya hau sama har ya daina taɓa giyar, ko ya riƙa juyawa a sake a kan ƙarfensa. Taɓa shi da tsinke, idan ya motsa ba tare da moton ba, shi ne. Sai sandan da ƙafafun lambobi ke kai: wani lokaci yakan zame gefe guda har ƙarshensa ya fita daga raminsa. Na uku shi ne allon lantarki, inda za ka duba gindin wayoyin moto da gilashin ƙara girma, ko dalmar ta tsage, ka kuma duba kafasita ko ta kumbura ko ta yi yoyo. Don a tabbatar da moton, a ba mitar wuta a kan tebur, volt 12 da ta bodi, sannan a riƙa taɓa 31b da wayar bodi da sauri-sauri. Allura za ta ɗan zabura, kuma idan aka daure ana bugawa za a ga sandan moton yana motsawa taki-taki. Allura ta motsa moto bai motsa ba, to aikin mai gyaran rediyo ne, ba na giya ba.

Idan giyar ce, kada ka yi odar sabuwa sai ka ciro tsohuwar ka ƙirga haƙoranta. Hawa biyu gare ta, kowane hawa da adadinsa, kuma VDO ta yi amfani da adadi daban-daban gwargwadon shekara da kuma ko mitar ta mil ce ko ta kilomita. A ido duk kamarsu ɗaya. Bambancin haƙori ɗaya a cikin ashirin da 'yan kai yana kawo kuskuren kusan kashi 5 cikin 100, wato duk tafiyar kilomita 100 mitar ta ƙara ko ta rage biyar, kuma ba za ka lura ba sai an daɗe. Inda haƙora suka zube, ɗauki hoton giyar daga sama, ka faɗaɗa shi, ka ƙirga gindin da suka bari, ka sa ɗigon alƙalami a inda ka fara. Ƙirga sau biyu. Rubuta kuma lambar da ke jikin gwangwanin ka tura wa mai sayarwa tare da adadin. Sababbin giyoyin da ake yi yanzu da roba mai tauri ake yin su, irin wadda ake kira Delrin, kuma giris ba ya cin su. A ganina duk wanda ya ce zai liƙa tsohuwar da gam ko ya gina mata haƙori, ɓata maka lokaci zai yi, domin sauran haƙoran ma sun riga sun ruɓe, kuma zoben gaba ba zai jure buɗewa sau da yawa ba.

Wajen sauyawa, kwance sukurori biyun da ke riƙe moto ka kawar da shi gefe ba tare da ka ja wayoyinsa ba. Giyar tana kan ɗan sanda, wani ɗan ƙaramin kilif ya tare ta, kuma sau da yawa sai an fara zare giyar da ke samanta. Kilif ɗin nan yana tsalle ya ɓace, saboda haka yi aikin a cikin faranti mai zurfi ko ka rufa farar leda a kai lokacin cire shi. A wasu mitocin fuska tana tare hanya, dole a cire allura. Idan ta kama haka, ɗaga allurar a hankali ta tsallake ɗan turken da take kwanciya a kai, ka bar ta ta tsaya inda ta ga dama, ka yi alama a gefen fuskar daidai wurin. A nan za ta koma, in ba haka ba gudun da za ta riƙa nunawa ƙarya ne. Ana cire ta ne da murɗawa a hankali ana ja sama, ba da fizga ba, domin sandanta siriri ne ƙwarai, idan ya karye gyaran ya fi na giya tsada sau da yawa. Wanda hannunsa bai saba da ƙananan abubuwa ba, ya kai wa mai gyaran agogo wannan ɓangaren ya tsaya a kansa. Hannunsu ya fi na bakanike dacewa da shi.

Abin da ya fi sa gyaran nan ya dawo shi ne rashin tsaftacewa. Ɓarɓashin tsohuwar giya yana cushewa a cikin zaren murɗaɗɗen sanda da tsakanin haƙoran giya ta biyu, ya daskare. Sabuwar giya mai tauri idan ta ci karo da shi ba za ta karye ba, cijewa za ta yi, moton ya kasa juyawa, ka ɗauka gyaran bai yi ba. Bi kowane haƙori da tsinken sakace, ɗaya bayan ɗaya, ka goge da auduga da ɗan sifirit, ka cire tsohon giris gaba ɗaya. Sabuwar giyar ta shiga sandanta tana juyawa sakayau. Idan ta matse, goge sandan, kada ka tura da ƙarfi. Ba ta bukatar giris, in ma za a sa, ɗigo ɗaya na irin wanda aka yi don roba ya isa. Kafin ka mayar da moto, juya giyar da yatsa ka ga ƙaramin lissafi da babba suna tafiya ba tare da cijewa ba.

Kada ka lanƙwasa zoben gaba sai ka gwada. Mayar da kayan cikin gwangwani, riƙe gilashi da zobe da salatif, haɗa wayoyi, ka fita da motar. Buɗe manhajar GPS a waya ka yi tafiyar kilomita 10 a miƙaƙƙiyar hanya. Idan mitar ta nuna tsakanin 9.8 da 10.2, aiki ya yi. Idan ta nuna wajen 9.5 ko 10.5, koma ka sake ƙirga haƙora. Idan ta nuna 6.2, ba abin da ya lalace, mitarka ta mil ce, irin ta motocin da aka sayar a Amurka da Ingila, mil ɗaya kuwa kilomita 1.609 ne. Ka tuna kuma girman taya yana shiga lissafin: tayar da ta fi ta asali girma da kashi 3 cikin 100 za ta sa mitar ta rage ƙirga da kashi 3, allura da lambobi duka. Bayan ka gamsu, goge cikin gilashin, ka kifa mitar a kan tawul, ka riƙa danna bakin zoben da guntun katako kana zagayawa har ya kwanta. Zoben robar dashbod zai rufe tabon.

Ga wanda nasa ya bambanta da naka, wato allura da lambobi suka mutu tare, shi ne zai fara daga waje. Ya duba fiyus da wutar volt 12 a bayan mita, sannan ya zare wayar 31b ya sa maltimita tsakaninta da bodi a ma'aunin da ke ƙara idan waya ta haɗu. A ɗaga tayar baya ɗaya da jak, a sa giya a furi, a tare sauran tayoyin, a juya ta da hannu a hankali. Ya kamata a ji ƙarar tana zuwa tana ɗaukewa. A nan mutane ke ruɗewa: idan taya ɗaya ce a sama, faifan maganaɗisun rabin juyi yake yi, saboda haka bugu huɗu za a ji a juyi ɗaya, takwas a juyi biyu, kuma hakan daidai ne. Shiru gaba ɗaya ko ƙara marar yankewa yana nufin na'urar giyabos ta mutu ko waya ta tsinke ko ta taɓa bodi. Allurar da ke faɗuwa idan mota ta yi zafi ta dawo idan ta huce, ita ma yawanci wannan na'urar ce.

Maganar bakanikenka tana da gurbi a motocin Porsche masu kebul ɗin mita, kamar 911 ta kafin 1976 da 914, da kuma 924 da 944 na farko waɗanda kebul ɗinsu daga tayar gaba ta hagu yake tasowa. Amma ko a can, kebul idan ya tsinke allura ma mutuwa take yi. Idan allura tana aiki lambobi sun tsaya a irin waɗannan, abin da aka fi samu shi ne wata giyar ƙarfe mai launin toka da ke kan sandan lambobi ta saki, tana juyawa a banza. Masu tsohuwar Marsandi W123 sun san wannan ciwon, don mitarta ma ta VDO ce. Maganinsa a ɗan zaro sandan ba tare da an bar ƙafafun lambobi sun watse ba, a ƙarce daidai mazaunin giyar don ya yi kaushi, a mayar da ita ta kama gam.

Saura batun lambar kanta. Bar ta a inda ta tsaya, kada ka yarda wani ya juya ƙafafun gaba ko baya da sunan daidaitawa. Rubuta ranar da ta tsaya, da lambar da ke kai, da ranar da aka gyara, da kiyasin tafiyar da ka yi a tsakani, wanda za ka iya fitarwa daga yawan man da ka sha. Haɗa da hoton mitar kafin gyara da bayansa, da tsohuwar giyar a 'yar leda, ka ajiye cikin takardun motar. A Amurka doka ce ma idan gyara ya sa mita ba za ta iya nuna lambarta ta da ba, a mayar da ita sifili a manna takarda a jikin ƙofar hagu mai ɗauke da tsohuwar lambar da ranar gyara. Canjin man inji kuwa, lissafa shi daga ranar da aka yi na ƙarshe, ka ƙara da kilomitocin da mitar ba ta ƙirga ba, domin injin SC da iska da mai yake sanyaya kansa, ba ya son a wuce masa lokaci.